Wai da gaske ne fuloraid yana dushe basirar yara?

Maman 'Yan Biyu:
Salam jama'a. Dan Allah ina da tambaya kuma kar a yi min dariya. Jiya da daddare ƙanwata ta turo min wani bidiyo, wani bature yana ta kumfar baki wai sinadarin nan fuloraid da ake sawa a man goge baki da ruwan famfo yana rage wa yara basira, har yana cewa kotu ta tabbatar a Amurka. Ni kuwa 'yan biyuna shekararsu uku da 'yan watanni, kuma wallahi shanye makilin ɗin suke kamar alawa, musamman macen, in ba a tsaya a kanta ba sai ta tsotse buroshin tas. Ban runtsa ba. Da safe na kwashe makilin ɗin na ɓoye, yau da ruwa zalla na goge musu. Masu ilimi a taimaka min, gaskiya ne ko irin surutan intanet ne?

Ɗan Gaskiya Ɗaci:
Gsky ne Hajiya, kin yi daidai. Dama mun dade muna fada ana ce mana masu kirkirar labari, to yanzu ga shi kotunsu da kanta ta fada. Ruwa baya tsami banza.

Likitar Haƙori:
Wa alaikumussalam 'yar'uwa. Kafin komai, ki ɗauko makilin nan daga inda kika ɓoye shi, kar a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Maganar da ake ta cacar baki a kai ba ta goge baki ba ce, magana ce ta fuloraid da ake SHA kullum, shekara da shekaru, galibi a ruwa, kuma mai yawa. Fuloraid ɗin makilin a saman haƙori yake aikinsa, yana taimaka wa farin ɓawon haƙori ya maido abin da tsami ya zaizaye masa, sai a tofar.
Inda kike da gyara shi ne yawan da kike matsa musu. Yaron da bai kai shekara 3 ba, ɗan shafe ne kamar ƙwayar shinkafa. Daga 3 zuwa 6, kamar ƙwayar wake ƙarama. Ke za ki matsa da hannunki, ki tsaya a kansu su tofar, sannan ki ɗauke bututun ki ajiye inda hannunsu ba ya kaiwa. Irin cika buroshi daga farko har ƙarshe da ake nunawa a talla, wannan don a saye wani da wuri ne kawai.

Ɗan Gaskiya Ɗaci:
Likita ai dole ki kare abinku. To kotun fa? Karya alkalin yayi?

Malam Mai Lissafi:
A'a ɗan'uwa, ba ƙarya ba ne, an yi shari'ar. Amma mu faɗi abin yadda yake. A watan Satumba na 2024 wani alƙalin kotun tarayya a San Faransisko, Edward Chen, ya yanke cewa fuloraid a ma'aunin da ake sawa a ruwan Amurka yana da haɗarin da ya isa a ce hukumar kare muhallinsu, EPA, ta ɗauki mataki a kai. Amma shi da kansa a cikin hukuncin ya bayyana cewa bai ce an tabbatar ruwan yana cutarwa ba, kuma bai ba da umarnin a daina sawa ba, hukumar ya bar wa ta duba irin matakin. Kuma babu makilin a shari'ar kwata-kwata, ruwan sha ake magana.
Abin da ya fi jingina da shi wani rahoto ne na wata cibiyar gwamnatinsu mai nazarin guba, NTP, da ya fito a Agusta 2024. Rahoton ya ce suna da matsakaicin tabbaci, ku lura da kalmar, matsakaici, cewa shan fuloraid sama da miligiram 1.5 a kowace lita ta ruwa yana tafiya tare da raguwar makin IQ, wato makin gwajin basira, a yara. Su kuwa abin da ake sawa a ruwan famfo a can 0.7 ne, wato bai kai rabin wancan ba, kuma a kan 0.7 ɗin rahoton ya ce hujjar da ke hannu ba ta isa a ce e ko a'a ba.
To ka ga lambobi biyu ne, 1.5 da 0.7. Duk rigimar nan a tsakaninsu take, masu bidiyo kuma sai su dunƙule su wuri ɗaya.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ni fa lissafi ba gwanata ba ne. Wanda suke haɗiyewa ɗin nan ya kai 1.5 ɗin ko bai kai ba?

Malam Mai Lissafi:
Duba jikin bututun za ki ga an rubuta wata lamba da ppm a gabanta, yawanci tsakanin 1000 da 1500. In 1000 ne, ma'anarsa kowane giram ɗaya na man yana da miligiram ɗaya na fuloraid. Ɗan ƙwayar waken da Likita ta ce kusan rubu'in giram ne, kin ga ko yarinyar ta haɗiye shi duka miligiram 0.25 ta sha. Wanda yake shan ruwa mai 1.5 kuwa kowace lita ɗaya sai ya sha ninki shida na wannan, kuma da ruwan ake masa girki, da shi ake dama masa komai, tun yana ciki. Amma fa in cika buroshi ake yi sau biyu a rana tana shanyewa, sai lissafin ya tashi, shi ya sa ake cewa a tsaya a kansu.

Likitar Haƙori:
Kuma abin da muka fi gani ga yaran da ke shanye makilin shi ne ɗigo-ɗigon fari kamar alli a haƙoran girma idan sun fito. Wannan tun kafin shekara 8 yake samuwa, lokacin da haƙoran ke ginuwa a cikin dasashi.

Injiniyan Ruwa:
Bari in shigo ta nan don aikina kenan. Mutane suna ɗauka fuloraid abu ne da sai gwamnati ta zuba, alhali mafi yawan waɗanda yake cutarwa a duniya babu wanda ya zuba musu komai, daga dutsen ƙarƙashin ƙasa yake narkewa ya shiga ruwan rijiya da burtsatse. Yankin tsagin ƙasa na gabashin Afirka, Habasha, Kenya, Tanzaniya, sai sassan Indiya kamar gundumar Nalgonda, sai arewacin Sin, akwai wuraren da ruwan ke ninka 1.5 ɗin nan sau da yawa. A nan ba maganar makin IQ biyu ko uku ake ba, haƙori ke komawa ruwan ƙasa ya rarake, ƙashi ya sandare, ƙafafun yara su lanƙwashe. A lardin Guizhou na Sin ma ba ruwa ba ne, hayaƙin kwal ne da ake ƙonawa a cikin ɗaki ana busar da abinci a kai.
Kuma 1.5 ɗin ba sabuwar lamba ba ce, ita ce iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da sawa wa ruwan sha. Abin takaici fuloraid ba shi da launi ba shi da wari ba shi da ɗanɗano, ruwa garau kamar hawaye sai ka auna ka riƙe baki. Burtsatse biyu a unguwa ɗaya ma suna iya bambanta, ya danganta da zurfi da irin dutsen da aka huda.

Amarya Mai Jiran Haihuwa:
Innalillahi. Ni cikina wata shida kuma ruwan burtsatse muke sha, kuma na ga ana cewa tun a ciki yake shafar jariri. Anti Likita da gaske ne? Tafasawa nake dai kullum

Injiniyan Ruwa:
Ƙanwata tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, ki ci gaba, amma ba ta cire fuloraid. Ruwan ne ke tashi a tururi ya bar shi a tukunya, in an daɗe ana tafasawa ma ɗan ƙaruwa yake. Kar ki tsorata tun ba ki san lambar ba, burtsatse da yawa fuloraid ɗinsu bai ma kai 0.5 ba. Ki sa maigida ya ɗebi ruwan a gora mai tsabta ya kai ɗakin gwajin ruwa, ya ce musamman fuloraid yake so a duba, don in ka ce a gwada ruwa kawai wasu ƙwayoyin cuta za su duba su sallame ka.

Malam Mai Lissafi:
Maganar ciki kuwa, nan ne binciken ya fi zafi, kuma nan ne ni ma nake cewa kada likitocin haƙori su yi saurin kore zancen. Fuloraid yana ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, wannan ba a musu a kai. Bincike biyu ne suka tayar da ƙura. Na farko a birnin Meziko, 2017, uwaye da 'ya'yansu 299, an auna fuloraid a fitsarin uwayen suna da ciki, aka bi yaran har suka shiga makaranta, aka ga duk ƙarin rabin miligiram a lita na fitsarin uwa yana tafiya da raguwar maki kusan 2.5. Su can a gishiri ake sa fuloraid ba a ruwa ba. Na biyu a Kanada, 2019, uwaye da yara 512 daga birane shida, ya fito a mujallar JAMA Pediatrics, aka ga ƙarin miligiram ɗaya a lita na fitsarin uwa yana tafiya da raguwar maki kusan 4.5, amma a yara maza kawai, a mata ba a ga komai ba. Har sai da editan mujallar ya rubuta ɗan bayani na musamman kan dalilin da ya sa suka yarda suka buga shi, don ya san za a yi ca a kansu. Kuma an yi.

Ɗan Gaskiya Ɗaci:
To Alhamdulillah, Malam da bakinka ka fada. Kanada fa, ba kauyen da ruwa ya lalace ba, ruwan famfo na gwamnati. Me ya rage kuma?

Malam Mai Lissafi:
Saura ka ji ɗaya ɓangaren, kar ka ɗauki wanda ya yi maka daɗi ka tashi. A Dunedin ta New Zealand an bi mutum kusan dubu da aka haifa 1972 zuwa 1973 tun suna yara har suka kai shekara 38, wasu sun tashi da ruwa mai fuloraid wasu babu, ba a ga bambancin IQ ba. A Suwidin, inda ba a zuba shi amma ruwan garuruwa ya bambanta da kansa, masana tattalin arziki biyu sun duba bayanan ɗimbin mutane, sun ga haƙori ya amfana, basira kuwa ba su ga ta taɓu ba. A Denmak an yi irin na Kanada da fitsarin masu ciki a Odense ba a ga alaƙa ba. A arewacin Sifen ma abin ya juye, yara mazan da uwayensu suka fi fuloraid su suka fi maki. To in ka yarda da na Kanada ido rufe, wannan ma sai ka yarda fuloraid yana ƙara wa maza basira, ni kuwa ban yarda da hakan ba.
Matsalar awon fitsari ita ce, fuloraid ba ya daɗewa a jini, ƙoda tana fitar da wani kaso cikin sa'o'i, wani kason ya tafi ƙashi. Matar da ta sha shayi mai kauri da safe aka auna ta da hantsi lambarta za ta tashi, gobe in ba ta sha ba ta sauka. Ana so a ɗauki awo biyu uku irin wannan a ce shi ne abin da jariri ya samu wata tara. Ba wai aikin banza ba ne, amma ma'auni ne mai rawa.

Kawu Tsohon Malami:
Shayi kuma? Yau na ji abin da ya fi ƙarfina. Ku bar mana shayinmu don Allah

Injiniyan Ruwa:
Hahaha Kawu ganyen shayi yana tara fuloraid daga ƙasa, tsofaffin ganye sun fi yawa. Kofi ɗaya biyu ba shi ne matsala ba, masu shan tulu guda kullum da baƙin ganye mai arha su ne ake samun labarinsu a asibiti.

Kawu Tsohon Malami:
To na ji. Amma ni tambayata ga Malam, shekara talatin ina koyar da yara. Yaron da bai karya ba, yaron da zazzaɓi ya kwantar sati biyu, yaron da babu mai karanta masa ko harafi a gida, duk makinsu ƙasa yake. Ƙauyen da ruwansa ya lalace ai galibi shi ne ƙauyen da makarantarsa ta lalace. Ta yaya suka raba ɗaya da ɗaya har suka ce fuloraid ne?

Malam Mai Lissafi:
Kawu ka taɓo inda gizo ke saƙa. A Janairu 2025 mutanen NTP ɗin nan suka tattara bincike 74 wuri ɗaya suka buga, 45 daga ciki daga Sin suke, 12 daga Indiya, babu ko ɗaya daga Amurka. Su da kansu suka ce 52 daga cikin 74 ɗin suna da rauni babba a yadda aka gudanar da su. Irin raunin da ka faɗa ne, a ɗauki ƙauye biyu a gwada yara a ce ga bambanci, ba a duba karatun iyaye ba, ba a duba ko ruwan yana da gubar asenik ba, ko gubar dalma, ko yaran suna da ƙarancin aidin, sinadarin nan da ake ƙarawa a gishiri, alhali ƙarancin aidin kaɗai sananne ne wajen dushe basira.
Amma adalci shi ne, da suka ware guda 22 masu inganci su kaɗai, alaƙar ba ta ɓace ba, ta dai ragu. Lissafinsu na gaba ɗaya ya ba da raguwar maki 1.63 ga kowane ƙarin miligiram ɗaya a lita na fitsari. Da suka koma kan ruwan da bai kai 1.5 ba kuwa, abin bai fito fili ba. Shi ya sa ni matsayina: mai yawa, na yarda akwai matsala, hujjoji sun taru ta fuskoki da yawa. Ɗan kaɗan irin 0.7, duk wanda ya rantse maka ta kowane ɓangare ya wuce abin da ke hannunsa.

Likitar Haƙori:
Malam na yarda da kusan duk abin da ka ce amma akwai abin da ke ci min rai a irin wannan muhawara. Ana ta auna maki ɗaya da rabi na IQ wanda ko a gwada yaro ɗaya yau a sake gwada shi wani satin za a iya samun bambancin da ya fi haka, amma ba a auna yaron da ke zuwa wurina fuska a kumbure, kwana uku bai yi barci ba bai ci abinci ba, ɗan shekara huɗu a cire masa haƙori shida. Shi wannan karatun yake yi? Ruɓewar haƙori tana cikin cututtukan da suka fi yawa a yara a duniya. Birnin Calgary a Kanada sun cire fuloraid daga ruwansu a 2011, da aka kwatanta yaransu da na Edmonton da ba su cire ba sai aka ga ruɓewa ta fi yawa a Calgary, a 2021 mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a a maido shi.

Malam Mai Lissafi:
Likita ba na musun ciwon haƙori, na taɓa kwana da shi, ko maƙiyina ba na masa fata. Amma maganar maki ɗaya da rabi ba komai ba ne, nan kam ban bi ki ba. Ga yaro ɗaya ba za a gane ba, gaskiya ne, tunda matsakaicin maki 100 ne kuma yawancin mutane suna tsakanin 85 da 115. Amma in aka ja al'umma gaba ɗaya baya da maki biyu, waɗanda ke can ƙasa masu buƙatar taimako na musamman sai su ƙaru sosai, haziƙan can sama su ragu. Da wannan hujjar aka yaƙi dalma a man fetur, ba don ana ganin kowane yaro yana faɗuwa ba. Kuma haƙori ana cike shi, ƙwaƙwalwa fa?
Sannan amfanin na ruwa shi ma ya ragu. Lokacin da aka fara sa shi a ruwa a Grand Rapids ta jihar Michigan a Amurka a 1945 babu makilin mai fuloraid a kasuwa, ruwan ne kaɗai hanya, shi ya sa aka ga bambanci babba. Nazarin 2024 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya wuri ɗaya, da ya duba binciken da aka yi bayan 1975, lokacin da makilin ɗin ya yaɗu, ya samu ribar ta koma kusan rubu'in haƙori ɗaya ga kowane yaro a haƙoran nono.

Likitar Haƙori:
Rubu'in haƙori in ka ninka da yara miliyan nawa? Ai irin lissafin da ka yi min yanzu ne, kar ka yi shi a IQ ka ƙi yi a haƙori 😄 Kuma wannan matsakaici ne, ɗan mai hali da ake kai wa likita duk wata shida ba ya buƙata, ɗan talakan da ko buroshi babu shi ne ruwan ke tsare wa.

Malam Mai Lissafi:
Kin kama ni, na karɓa.

Ɗan Gaskiya Ɗaci:
Ku dai kuna ta zagaye zagaye. In abin kirki ne me yasa turai basa sawa? Me yasa Utah da Florida suka hana a 2025? Su basu da likitoci ne? Ni dai abinda na sani duk abinda aka zuba maka a ruwa ba a tambayeka ba akwai lauje cikin nadi

Injiniyan Ruwa:
Utah da Florida sun hana, gaskiya ne, majalisun jihohin ne suka yi doka. Yawancin yammacin Turai ma ba sa sawa a ruwa, shi ma gaskiya ne. Amma ba wai sun guje shi ba ne, Jamus da Faransa da Suwizalan a gishiri suke sawa mai so ya saya, Ireland tana sawa a ruwa bisa doka, Ingila wani yanki na ƙasar ana sawa, kuma dukkansu makilin mai fuloraid suke goge baki da shi. Maganarka ta cewa ba a tambayi mutum ba, wannan hujja ce mai ƙarfi kuma da ita wasu ƙasashen suka ƙi, amma hujja ce ta 'yanci ba ta guba ba, kar a cakuɗa.
Laujen kuwa, tarihin abin a buɗe yake. Wani likitan haƙori Frederick McKay ne a garin Colorado Springs na Amurka farkon ƙarni na 20 ya ga mutanen garin haƙoransu duk tabo ruwan ƙasa amma ba sa ruɓewa, aka shafe shekaru kafin a 1931 a gano fuloraid ne a ruwansu. Wato illarsa aka fara gani kafin amfaninsa. Daga nan aka shiga neman ma'aunin da zai tsare haƙori bai ɓata shi ba. Amurka ta daɗe tana kan 0.7 zuwa 1.2, a 2015 ta tsayar da 0.7 saboda an ga ɗigon fari yana yawa a haƙoran yara tunda yanzu ana samun fuloraid ta hanyoyi da yawa.

Ɗan Gaskiya Ɗaci:
Kaga ai sun rage. Gobe ma zasu sake ragewa suce bamu sani ba. Ni dai na cire a gidana

Likitar Haƙori:
Ruwanka ne ɗan'uwa, amma ka auna ruwan gidan naka? Kar ka jefar da makilin kana shan ruwan rijiya mai miligiram 3 a lita.

Ɗan Gaskiya Ɗaci:
Ruwan mu garau yake

Injiniyan Ruwa:
🤦🏾‍♂️ koma sama ka karanta abin da na rubuta

Shugabar Zaure:
A yi haƙuri da juna dan Allah, ban da gatse. Amarya ta yi tambaya a akwatina ta ce in sa mata a nan, in an auna an samu ya yi yawa me za ta yi, kuma in ta haihu fa?

Injiniyan Ruwa:
In ya haura 1.5, mafi sauƙi a canza ruwan sha da na girki kawai, wanka da wanki ba matsala, fuloraid ba ya shiga ta fata. Ruwan sama da aka tara da tsabta kusan babu fuloraid a cikinsa, ruwan kogi da dam da aka tace shi ma yawanci kaɗan ne. In sai an tace na gidan, a sani ƙaramar matatar nan ta gawayi da ake sawa a bakin famfo ko a jug ba ta cire shi, wari da ɗanɗano take gyarawa. Wadda ke cirewa ita ce mai tura ruwa da ƙarfi ta cikin siririyar fata, a jikinta za ka ga an rubuta RO, sai kuma masu amfani da wani sinadari mai suna alumina ko ƙonannen ƙashi, wannan na ƙashin ana aiki da shi a Kenya da Tanzaniya. Kowacce sai ana canza cikinta a kan lokaci. Na taɓa zuwa wani gida sun kafa mai tsada shekara huɗu ba a taɓa buɗe ta ba, da na auna ruwan da ke fita da wanda ke shiga kusan ɗaya ne, mai sayarwar bai taɓa gaya musu ana canza komai ba.

Likitar Haƙori:
Na jariri kuwa, nonon uwa fuloraid ɗinsa kaɗan ne ƙwarai ko da uwar tana shan ruwa mai shi, jiki yana tacewa. Inda ake kula shi ne jaririn da ke kan madarar gwangwani ta gari, don shi kusan duk abincinsa ruwan da aka dama ne, ga jiki ƙarami, abin da yake sha in aka kwatanta da nauyinsa ya fi na babba nesa. In ruwan gida yana da yawa sai a dama da wanda aka san kaɗan ne. Kuma Amarya ki ci gaba da goge bakinki da makilin ɗinki, tofarwa kike, masu ciki dasashinsu yana saurin kumbura. Ki tambayi inda kike awo maganar aidin da ƙarin jini ma, waɗannan tasirinsu a ƙwaƙwalwar jariri ba a muhawara a kansa.

Amarya Mai Jiran Haihuwa:
Na gode Anti, Allah ya saka. Na gaya wa maigida ya ce zai kai ruwan. Gaskiya da na fara karantawa har hannuna rawa yake

Kawu Tsohon Malami:
Allah ya sauke ki lafiya 'yata. Ni dai har yanzu Malam bai gamsar da ni kan yadda ake auna basirar ɗan shekara uku ba. Ɗan shekara uku in bai ga dama ba ko sunansa ba zai faɗa maka ba.

Malam Mai Lissafi:
Kawu akwai gwaje-gwajen da aka tsara don su, da hotuna da 'yan tubala, kuma masu yi an horar da su. Amma ka yi gaskiya makin wannan shekarun bai kai na ɗan shekara takwas tsayuwa ba, kuma na Kanada ɗin a 'yan shekara 3 zuwa 4 aka yi, yana cikin abin da masu suka suka riƙe. Har da cewa a maza kaɗai aka gani, wasu suka ce ƙila ƙwaƙwalwar maza ta fi rauni a ciki, wasu suka ce in ka yanka bayanai gida-gida dole wani gidan ya ba ka abin da kake nema. Ni na fi karkata ga na biyun amma ba zan sa hannu a wuta ba.

Maman 'Yan Biyu:
To jama'a na gode ƙwarai, na karanta duka har wanda ban gane ba. Na ɗauko makilin ɗin, 1000 aka rubuta a jiki. Yanzu da daddare na matsa musu ɗan mitsitsi kamar yadda Likita ta ce, macen ta kalli buroshin ta kalle ni ta fashe da kuka wai na cinye mata. Namijin ya tofar, ita kam sai da na ce mu yi gasar wanda zai fi tofarwa da nisa, yanzu madubin banɗakin ne ya sha.
Injiniya ruwan namu na famfo ne amma in an ɗauke muna sayen na tanka, wanne zan kai a auna?

Injiniyan Ruwa:
Duka biyun Hajiya, gora daban-daban, ki rubuta a jiki kar su haɗe. Na tankar ma ki tambayi mai kawowa ko daga burtsatse ɗaya yake ɗebowa kullum, in yana canzawa awo ɗaya ba zai gaya miki komai ba. In sakamakon ya fito ki turo lambar nan mu gani.